Hayewar Iya Ta-ƙetare

Zuwa ga Iya Ta-ƙetare,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maƙwabtan da ke ɗebe miki kewa. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Matata tana gaishe ki, yara ma haka, ko da yake sunanki kawai suka sani.

Wataƙila sai na tuna miki ko wane ne. Ni ne jikan Yayarki, ɗan babban ɗanta marigayi. Kaka ta ce mahaifinki da nata wa da ƙane ne, kuma ɗaki ɗaya kuka tashi a gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa. Sau ɗaya na taɓa ganinki, ina ƙarami, da Kaka ta ɗauko ni muka zo miki a jirgi. Abin da na riƙe shi ne kina zaune bayan tagar sayar da tikiti, kika leƙo kika ce, "Wannan ne mijin da aka kawo mini? Ai ko wando bai iya ɗaurewa ba." Har yau in ana son tsokanata a gida, wannan ake maimaitawa.

Abin da ya sa na rubuto shi ne jikin Kaka. Idanunta sun tafi gaba ɗaya tun bara, ƙafafunta kuma suna kumbura, daga gado sai tabarmar bakin ƙofa. Hankalinta dai garau yake, bakinta ma bai mutu ba. Amma kwanan nan ba ta da zance sai naki. In ta ji an taɓa ƙofa sai ta ce, "Wa ke nan?" In an faɗa mata, sai ta ce, "Au," ta juya.

Na san tun da jirgin fasinja ya daina hawa tsohuwar gada ba ku sake haɗuwa ba, kuma hanyar mota zagaye ne mai nisa da ba na tsofaffi ba. To ga albishir. Za a dawo da jirgin. An sayo taragai na hannu daga wata ƙasa mai sanyi, an jibge su a wurin gyaran da nake aiki. Ni ɗinkin kujeru nake yi. Mu ne ke farke tsohon yadi, mu cire soson da ya mutu, mu sa sabo. Iya, da kin ga abin mamaki. A ƙarƙashin kowace kujera akwai ƙarfen ɗumama ɗaki, mu da muke neman iska ido rufe. Tagogin kuma ba sa buɗewa, sai da aka kira masu walda. A jikin bango akwai rubutu da wani harshe da ba wanda ya iya karantawa, ogan aikinmu ya ce wai cewa aka yi kada a tofa yawu, amma na san shaci-faɗi yake yi. Jiya na zura hannu a tsakanin kujeru biyu na zaro safar hannu ta jariri, guda ɗaya, ja. Na daɗe ina juya ta. Mai ita yanzu wataƙila ya yi gemu.

An ce in damina ta wuce jirgin zai fara tafiya. Roƙona shi ne ki zo ki ga Yayarki. Safiya ɗaya ce, kafin rana ta take kina nan. Ɗaki yana nan, ni kuma zan tare ki a tasha.

Ki huta lafiya.
Jikanki, mai ɗinkin kujeru.

*

Zuwa ga angona mai ɗinkin kujeru,

Takardarka ta iso, ta sha hanya har gefenta ya jiƙe. Na amsa gaisuwa, ka gaishe mini da matarka da yara. Lafiyata ƙalau in ban da gwiwa, wadda ke riga kowa sanin za a yi ruwa. Na tuna ka sarai. Kai ne ka yi ta kuka don an hana ka taɓa abin huda tikiti. Na ji daɗi da ka zama mutum, har kana da sana'a a hannu.

Labarin Yaya ya taɓa ni. Na ajiye takardar na manta da shayina har ya huce. Idanun nan nata da ke hango allura a cikin yashi! Ka ce mata ina gaishe ta, gaisuwa irin ta ƙanwa, kuma ta rage faɗa, don na san ba ta fasa ba.

Zancen gada kuwa ba sai ka ba ni labari ba, tagar ɗakina ta baya ita take kallo. Mahaifina ya ce a jirgin ruwa aka kawo ƙarafunanta gunduwa-gunduwa, aka riƙa gasa kusoshi a wuta ana dukansu da zafinsu. Ya ce wanda ya yi wannan aiki kunnensa ba ya ƙara jin kiran matarsa. Shekarun nan da jirgi ya daina wucewa na ga yadda ta koma. Ciyawa ta fito tsakanin katakon layi, masunta suna shanya raga a jikinta, tsuntsaye sun mai da ita unguwa. Tashar da na yi aiki a cikinta har na yi furfura ta zama wurin kwanan awaki. Yanzu kuma ga mutane sun dawo da hulunan kwano, suna ƙwanƙwasa ta suna saurare kamar masu sayen tukunya. Da safe ƙarar gudumarsu ke tashe ni. Ban ce ba na so ba. Shiru ya fi damuna.

Taragan da kake faɗa kuma, kada ka raina su don na hannu ne. Waɗanda muka yi zamani da su ma ba sababbi aka kawo mana ba, kuma sun kai mutane inda za su. Da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai ka ɗinka da kyau, don mutanenmu ba su hawa jirgi hannu rabbana, da buhu da kwando da akuya suke tafe.

Amma batun in zo, angona, ka yi haƙuri. Ba zan iya ba. An ɗauke mini abu a tsakanin nan da can, ba a dawo mini da shi ba, kuma har yau zuciyata ba ta huce ba. Yaya ta fi kowa sanin zancen, ba sai na tona ba. Ka riƙa rubuto mini halin da take ciki, kada ka ɓoye komai.

Ni ce,
Iyarka ta ƙetare.

*

Zuwa ga Iya,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya, sai dai Kaka ta rage cin abinci, kuma likita ya ce zuciyarta ce ke gajiya.

Na karanta mata takardarki tun daga farko. Ta yi dariya a wurin allura, ta yi dariya a wurin akuya. Da na zo ƙarshe sai na ga hawaye yana bin gefen fuskarta. Na ce, "Kaka, me aka ɗauke mata? Wa ya ɗauke?" Ta ce, "Ƙyale ta, kada ka matsa mata." Ta juya ta fuskanci bango.

Iya, ni yaro ne a gabanku, kuma ban san abin da ya shiga tsakaninku ba. Ruwa ba ya tsami banza, na yarda. Amma zan faɗi abin da ke raina ko da zai yi miki ɗaci. Ko mene ne Kaka ta ɗauke miki, ko gado ne, ko wani abin da ban isa in ji ba, yau ba ta da idon da za ta kalle shi, ba ta da ƙafar da za ta kawo miki shi. Tsohuwa ce mai jiran lokaci. In abu ne da za a iya mayarwa, ki faɗa mini, ni zan mayar. In kuwa ba zai mayu ba, me riƙon zai ƙara miki? Ku ne kuke koya mana zumunci a ƙafa yake. Ban zaci zan ga ranar da mutum biyu da suka tashi a kan tabarma ɗaya za su bar duniya da kogi a tsakaninsu saboda fushi ba.

In na yi rashin kunya ki yafe. Ciwon da nake gani kullum ne ya yi magana.

Jikanki.

*

Zuwa ga Iya Ta-ƙetare,

Ina gaishe ki, ina kuma fatan lafiya ce ta kawo wannan shiru. Damina ta yi nisa, motar wasiƙu ta zo ta koma ba adadi, ban ga komai daga gare ki ba. Na san takardata ta baya ce ta jawo. Matata ta ce tun ranar ta gaya mini kada in aika, in bari ta kwana biyu a aljihu. Ban ji ba. Ki yafe mini, Iya. Ba ni da hurumin yi miki wa'azi.

Kaka tana nan, yau da sauƙi gobe babu. Takan tambaya, "Ba takarda?" Nakan ce hanya ce ta lalace.

Akwai abin da ya kamata ki sani. Makon jiya an gwada gadar. Aka haɗa taragai uku da muka gama, aka cika su da buhunan yashi a madadin mutane, kowace kujera da buhunta zaune kamar fasinja. Ogan aikinmu ya ce in shiga, in ga ko kujerun za su yi motsi. Ban taɓa hawa gadar nan ba tun ina yaro. Da jirgin ya bar ƙasa ya hau ƙarfe, sai sautinsa ya canza, ya zama kamar ana buga babbar ganga a ƙarƙashin ƙafarka. Kogin ya cika ya batse, ja wur, yana ɗauke da itatuwa sukutum. A tsakiya aka tsaya, injiniyoyi suka sauka suna aune-aune. Na leƙa ta taga. Tsakanin katakon layi kana ganin ruwa yana gudu, har ka rasa ko shi ke tafiya ko kai. Na koma na zauna kusa da wani buhu, na ce masa, "Malam, ka fi ni jarumta." An ce gadar ta yi, ba ta ko gezau ba.

Daga nan muka ƙarasa tasharku. Na sauka. Na ga tagar tikitin nan, an yi mata sabon fenti. Na tambayi wani mai gadi gidanki, ya nuna mini da hannu, ya ce ga shi can mai ƙofa shuɗiya, ko jifa na yi zai kai. Iya, na tsaya ina kallon ƙofar nan har direba ya busa. Na kasa zuwa. Na ji tsoron in yi sallama ki ce wane ne, in faɗa, ki yi shiru. Na koma cikin buhunana muka juyo.

Ban gaya wa Kaka na je ba. Ko layi ɗaya ne ki rubuto, ko zagi ne, don in san kina lafiya.

Jikanki, mai neman gafara.

*

Zuwa ga angona marar wayo,

Ka ga rubutun nan kamar kaza ta yi tonon ƙasa? Hannun da ya karye ne ke yin sa. Washegarin da takardarka mai zafi ta iso, santsi ya kwashe ni a bakin famfo, na dafa da hannun dama, ya karye a wuyan hannu. Maƙwabciyata ta ce in faɗa ta rubuta mini. Na ƙi, don maganar da zan yi maka ba ta bakin wani ba ce. Yanzu an kwance ɗaurin, ina iya riƙe alƙalami kaɗan-kaɗan. In ban da wannan lafiyata lau.

Ranar da kuka gwada gada ina zaune a tagata da hannu a rataye. Na ga jirgin ya tsaya a tsakiya, na riƙe numfashi har ya motsa. Ashe kana ciki. Ashe har ka tsaya kana kallon ƙofata ka juya. Wannan ya fi mini ciwo a kan duk abin da ka rubuta. Ko kare na ɗaure a ƙofar ai ka yi sallama.

Rashin sani ya fi dare duhu. Na zaci ka san labarin, shi ya sa na yi maganar a dunƙule. Yaya ba ta ɗauke mini ko tsinke ba. Kogin ne.

Mijina mai fentin gada ne. Aikinsu ba ya ƙarewa, in sun kai wancan bakin, wannan ya fara tsatsa, sai su dawo. A kan katako suke zama, a rataye da igiya a ƙarƙashin layi. Kullum da yamma yakan dawo da ɗigon jan fenti a gira da kunne, in zauna in goge masa da kananzir yana mita. Ba mu daɗe da aure ba, ba mu kai ga haihuwa ba. Wata safiya irin wannan lokaci, an kwana ana ruwa, kogi ya cika, ina bayan tagata ina sayar da tikitin jirgin safe. Sai na ga layin mutane ya dare biyu, shugaban masu fenti yana tahowa da hularsa a hannu. Ya tsaya a gaban tagata. Igiya ce ta zame. Masunta sun yi kwanaki suna nema har can ƙasa inda kogin ke rabuwa. Ba a same shi ba. Ba ni da kabarin da zan nuna in ce ga shi nan.

Yaya ce ta hayo a jirgin yamma, da mahaifinka a goye. Ta zauna da ni har na fara cin abinci da hannuna. Ta so ta tafi da ni, na ƙi. Na koma bayan tagata, na yi ta sayar wa mutane tikitin wucewa ta kansa, amma ni ban taɓa sa ƙafa a jirgin da zai hau gadar ba. Ko bakin ruwan ba na zuwa. Yaya ba ta taɓa ce mini don me ba. Ita ce kullum mai hayowa, kowace shekara, da ciki, da goyo, daga baya da jikoki irinka, har jirgi ya daina. Da ta ce maka ka ƙyale ni, tausayi ne ya yi magana.

Na san abin da za ka ce, don ni ma ina faɗa wa kaina: ta yi nata, saura nawa. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Na tsufa, amma abin bai tsufa ba. Ka karanta mata wannan duka, kada ka tsallake ko kalma.

Na yafe maka, amma ka ci bashin sallama.
Iyarka.

*

Zuwa ga Iya Ta-ƙetare,

Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ya mai da hannun kamar da. Allah ya jiƙan wanda ya tafi. A gidanmu abin da aka taɓa gaya mana kawai shi ne ya rasu da ƙuruciya. Na karanta takardarki a wurin aiki, na shiga wani tarago da ba kowa na zauna, ban iya komawa kan keken ɗinki ba sai bayan azahar. Kunya ta ishe ni.

Na karanta wa Kaka ba tsallake. Da ta gane abin da na rubuta miki a baya, ta ce in matso. Na matso, ta laluba ta kama kunnena ta murɗe. Ta ce, "Ni zan ci gadon ƙanwata? Me ubanta ya bari in ban da buta da agogon da ba ya tafiya?" Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Rabon da in ji wannan dariyar an daɗe.

Amma Iya, ga wata sabuwa. Tun ranar ta ce a ɗauko mata jakarta. Wai tunda hannunki ya karye ba mai yi miki wanki, ita za ta zo. Ta ce da ma ita ce mai hayewa, ba yau ta fara ba. Na ce ƙafa fa? Ta ce a ɗauke ta a kujera, ai ni ne mai kujeru. Likita ya ce ko zuwa tasha zuciyarta ba lallai ta ɗauka ba. Na faɗa mata, ta ce likitan ba shi da ƙanwa. Jakar tana nan a gefen gadonta, takan laluba ta ji ko an ɗauke.

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, an ce jirgin zai fara ɗaukar mutane farkon watan gobe, ni kuma a makon nan za a tura ni tashar jiragen ruwa in karɓo sauran taragan da suka iso. Zan yi makonni. Matata ba ta iya musu da Kaka, kuma na san halinta, tana iya sa maƙwabta su kinkime ta.

Ba na roƙonki ki zo. Na daina wannan, yanzu na san nauyin abin da na nema. Abin da nake roƙo shi ne ki rubuto mata da kanki ki hana ta. Maganarki kaɗai za ta ji. In na dawo ni zan zo, in biya sallamar da ake bina.

Jikanki.

*

Zuwa ga angona, a tashar jiragen ruwa,

Ina fatan kana lafiya, kuma iskar teku ba ta sa maka mura ba. Matarka ce ta ba ni adireshin. Ita da yara suna lafiya. A kan teburinka nake rubutu, da alƙalaminka, wanda bakinsa ya fi nawa kyau.

Na fara rubuta wa Yaya takardar da ka ce. Na yi layi biyu na tsaya. Na san ta tun ba ta da haƙoran gaba, ba a taɓa hana ta abu da takarda ba. Na ga in ban tashi ba, tsohuwa makauniya za ta mutu a hanya saboda ni. Sai na yaga takardar na wanke kayana.

Ban shiga jirgin ranar farko ba, hayaniya ta yi yawa. Na bari sai da aka kwana uku. Yarinyar da ke bayan tagata yanzu ba ta san ni ba. Ta miƙo mini tikiti tana kallon wani wuri, na ce a raina haka ake ji ashe daga wannan gefen. Na shiga na zauna can nesa da taga. Kujerunka sun yi, ɗinkin ya miƙe, sai dai soson ya yi tauri, ka gaya wa oganka. Kusa da ni wata 'yar kasuwa ce da kwandon kaji, tun daga tasha take ba ni labarin surukarta.

Da muka hau ƙarfe na ji gangar nan da ka faɗa. Na yi niyyar rufe ido har mu sauka. Na runtse su gam. Matar nan ta katse labarinta, ta ajiye kwandonta, ta kama hannuna, mai ciwon ma, ta riƙe gam. Ba ta tambaye ni komai ba. Can sai na ji mutane suna dariya suna ɗaga hannu, idona ya buɗe da kansa. Masu fenti ne. Suna rataye a jikin ƙarfe dab da tagogi, matasa, kowanne da ɗamara a ƙugu da igiya biyu. Ɗaya ya ɗaga mana buroshinsa, fuskarsa duk jan fenti. Na tashi tsaye. Na taka har bakin taga, matar tana riƙe da ni. Na kalli ƙasa. Ruwan ya fara janyewa, ya yi shiru, ga wani kwalekwale ƙarami da mutum ɗaya a ciki. Na yi kuka, ban ɓoye ba, har muka taka ƙasa. Matar ta ba ni ruwa, ta ci gaba da labarin surukarta daga inda ta tsaya.

Da na yi sallama a gidanku, daga ciki na ji an ce, "Wa ke nan?" Na ce, "Mai karyayyen hannu." Sai ta ce, "Ƙarya ne." Na shiga na durƙusa a gaban gadon. Ta shafa fuskata tun daga goshi har haɓa, ta ce, "Kai, kin tsufa." Na ce ita fa? Ta ce ita ba ta gani, don haka ba ta da labari.

Jikinta ba ƙarfi, ba zan ɓoye maka ba. Likita ya zo jiya, ya ce a ci gaba da lallaɓawa. Amma tana cin abinci in ni na ba ta, tana kushe yadda nake riƙe cokali.

Da yamma, bayan yara sun fita, ta jawo ni kusa ta ce, "Kin leƙa?" Na ce na leƙa. Ta ce, "Me kika gani?" Na ce ruwa kawai. Sai ta ce, "Ni ma duk hayewar da na yi, ruwa kawai na gani. Amma ban taɓa wucewa ban yi wa mijinki sallama ba, na ce masa kina nan lafiya." Na ce, "Yau ni na gaya masa da bakina."

Ka gama aikinka a tsanake, kada ka yi gaggawa. In ka dawo za ka same mu nan mu biyu, muna gardama.

Ni ce,
Iyarka.